Fuskar Tanimu a Takardar Ƙosai

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Zuwa ga ɗiyata ta fari, mai sunan mahaifiyata.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki a Kaduna kin sauka lafiya, kin huta gajiya, kin samu masauki wurin mutanen kirki. Allah ya tsare ki a hanyarmu ta Batsari zuwa Katsina, wadda ko direba yakan kashe rediyo a wasu wurare kowa ya kama salati, ya tsare ki a sauran tafiyar, ya haɗa ki da abokan aiki masu tsoronsa. Na ba mahaifiyarki takardar ta naɗe miki a cikin dardumar salla, don na san ita za ki fara warwarewa idan kin isa. Ita ba ta san abin da ke ciki ba.

Kada ki yi mamakin tsawonta. Ke ce ta fari, ga kuma sunan uwata, shi ya sa tun kina goye ban taɓa kiran sunanki ba, ban kuma taɓa zaunar da ke mun yi doguwar magana ba. "Ke, zo nan" da "Allah ya yi albarka" su ne hirarmu shekara ashirin da shida. Yau dole ce ta sa na ɗauki biro.

Ranar Juma'a kin same ni a zaure, kika durƙusa, kika ce ƙungiyar da ta ɗauke ki aiki, wadda ke tallafa wa marubuta da maɗaba'o'in Hausa, tana tattara littattafan da suka ɓace daga kasuwa. Kika ce za a sa su a waya kowa ya samu, a kuma riƙa karanta wasu a rediyo, kuma kin riga kin ba da sunan nawa. Kina faɗa kina murmushi, kin yi wa tsohonki kyauta. Na ce Allah ya yi miki albarka, na tashi na shige gida. Kin ɗauka kunya ce. Gabana ne ya faɗi har na ji ba zan iya zama ba.

Ki cire littafina daga wannan jerin. Ki yi shi ranar da kika fara shiga ofis, kafin ma ki san inda kujerarki take. Akwai wani mutum a Yasore, Lawali ɗan marigayi Tanimu, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda idan aka karanta littafin nan a rediyo ban san ko zai ga kakar bana ba. Dalilin shi ne zan faɗa miki, kuma ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Kin san an haife ni a Darini, kin san na daɗe ina koyarwa a firamaren Yasore. Tanimu maƙwabcina ne a can, katanga ɗaya muka haɗa. Wataƙila kin tuna shi, dogo mai giɓi, wanda yake kawo miki ɗanyen rogo kina ɓoyewa a bayan mahaifiyarki. Bai san ko baƙi ɗaya na boko ba, amma ban taɓa ganin wanda ya san ƙasa kamarsa ba. Yakan ɗebi turɓaya ya murza a tafi ya gaya maka ko gero za ta yi ko rogo. Ya san ganyen da ake shimfiɗawa a rumbu da tokar da ake barbaɗawa hatsi ya shekara biyu ƙwari ba su taɓa shi ba. Da yamma idan na taso daga makaranta sai in zauna yana faɗa ina rubutawa a littattafan aikin 'yan makaranta, har na cika bakwai. Yakan leƙo ya ce, "Malam, in za a buga abin nan, ka rubuta mani sunana da manyan baƙi, jikokina su san ba rago ya haifi ubansu ba."

A lokacin akwai wata 'yar ƙungiyar marubuta a Katsina da nake zuwa duk ƙarshen wata. A ajin wata makaranta suke haɗuwa, a kan bencin yara, kowa da ruwan shansa. Ba su da mota, ba su da ofis. Akwai wani dattijo a cikinsu, Malam Abdu, wanda ya ƙare rayuwarsa a maɗaba'a yana gyaran rubutu. Shi ya karɓi littattafaina ya bi su da jan biro layi bayan layi, har shafin ya koma kamar an yanka kaza a kai. Suka ce in yi haƙuri, akwai wani mai ƙaramar maɗaba'a da suke hulɗa da shi, yana yi musu ɗaya bayan ɗaya idan layi ya zo. Shekara ta wuce, ta biyu ta wuce, layi bai zo kaina ba. Ni kuwa ƙishirwar ganin sunana a bangon littafi ta hana ni sakat.

Sai fitina ta shigo. Kin san wannan, a kan idonki aka yi. Aka rufe makarantarmu, muka kwaso kaya muka dawo cikin garin Batsari. Tanimu ya ƙi tashi, ya ce bai san abin da zai ci a gari ba. Mutanen daji suka ɗauke shi daga gonarsa, ya yi wata biyu da 'yan kwanaki a hannunsu, sai da iyalinsa suka sayar da shanun huɗa aka fanso shi.

Ba a daɗe ba wata babbar ƙungiya ta zo Batsari da farar mota. Ba zan kira sunanta ba. Suna da masu ɗaukar nauyinsu a ƙasashen waje, suna neman marubuci ɗan ƙasa da zai tattara maganar waɗanda abin ya shafa, a buga da Hausa da Turanci. Aka nuna musu ni. Jami'arsu wata matashiya ce mai ladabi, ba za ta girme ki da yawa ba, har ƙasa ta gaishe ni. Na ɗauko mata littattafan noman nan bakwai. Ta buɗe, ta karanta kaɗan, ta ce wallahi aiki ne mai kyau, sai dai masu ba da tallafin ba a kan noma suka ba da shi ba. A ranar na mayar da su akwati na rufe. Ban sake zuwa taron Katsina ba sai sau ɗaya, shi ma don in nuna musu na wuce wurin.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma daga shi sauran suka fito. Na ajiye littafin da nake da shi na rubuta wanda ake so. Yanzu ke ce za ki zauna a kujerar waccan yarinya. Marubuta za su zo miki da jakunkuna, dattawa masu furfura za su riƙa yi miki magana da taushin murya don kina kusa da masu bayarwa. Ki fara tambayar mutum me ya zo da shi kafin ki gaya masa abin da ake nema, domin da zarar ya ji abin da ake nema zai ce ai shi ma dama shi yake da niyya. Kuma kada ki raina 'yan ƙungiyoyin da ke zama a kan benci. Su ne suka san wanda zai iya da wanda kai ne kawai ya kumbura masa, kuma suna nan bayan farar mota ta tafi.

Kafin zuwan ƙungiyar, Tanimu ya zo Batsari asibiti saboda ƙafafunsa da sarƙa ta ci, ya sauka a wurina. A zauren nan da kika same ni ya gaya mini abin da ko matarsa Hajo bai gaya wa ba. Ya ce a cikin waɗanda suka tsare shi akwai wanda ya gane, ɗan wani makiyayi da ya shekara ashirin yana sauka a gonarsa da shanu bayan girbi. Ya ce, "Malam, ya rufe huska, amma na san muryarshi, a gabana ya girma. Ya yi kamar bai san ni ba, ni ma na yi kamar ban san shi ba. Da na nuna na gane shi da ban hito da rai ba." Ya faɗi sunan uban, ya faɗi inda rugarsu take a da. Ya faɗa ne don abin ya yi masa nauyi, kuma ni amininsa ne.

Da na fara aikin ƙungiya, wannan maganar ce ta fara zuwa mini a rai. Na san babu labarin da zai kai ta ƙarfi a cikin littafin. Na rubuta ta yadda ya faɗe ta, da sunan uban, da wurin.

Zan gaya miki gaskiya a kan yarinyar nan, jami'ar ƙungiyar, don kada ki ɗora mata abin da ba nata ba. Da ta karanta, ita ce ta ce a canza sunaye, kada kuma a sa hoton Tanimu. Ni na ƙi. Na ce littafin da aka canza wa suna tatsuniya ne, ni kuma ba tatsuniya na zo rubutawa ba. Na ce na fi ta sanin mutanena. Ta ƙyale ni, don ni dattijo ne, ɗan gari, ita baƙuwa. Ranar da na je Katsina nuna isa, Malam Abdu ya karanta shafin sau biyu, ya cire tabarau, ya ce, "Mai maganar nan ya san inda za ta je?" Na ce Abuja za ta je da ƙasar Turawa, wa ke karanta boko a dajin Rugu? Ya ce in cire hoton ko da zan bar sauran. A zuciyata na ce hassada ce ke damun tsohon nan.

Ƙungiyar tana da takardar amincewa da kowa zai sa hannu kafin a buga maganarsa. Da Turanci take, shafi biyu. Na aika Tanimu ya zo. Abin da ke shafi biyu na fassara masa shi a numfashi ɗaya, na ce labarinsa za a sa a littafi duniya ta san halin da muke ciki. Yarinyar ta tambaye shi har sau uku, "Baba, ka yarda? Baba, ka gane?" Duk sau ukun bai dube ta ba, ni yake kallo. Ya ce, "Malam, kai ka san takarda. In ka ce ba komi, ba komi." Na ce ba komai. Ya dangwala yatsa. Aka tsayar da shi a jikin katanga aka ɗauke shi hoto, yana ta gyara hula, ya ɗauka na littafin noma ne ya zo da wata hanya. Na ga hakan a fuskarsa, ban gyara masa ba.

Ki saurare ni a nan. Mutanenmu ba sa ce wa malami a'a a gaban baƙo. Ba sa ce wa wanda suka sauka a gidansa a'a. Takarda za ta nuna an amince, tawada tana nan, yatsa yana nan, shugabanninki za su sa ta a fayil su ce an cika ƙa'ida. Ke ki duba wa mutumin yake kallo lokacin da ya ce to. Idan mai rakiyarsa yake kallo, ki nemi mai rakiyar ya ba ku wuri, ko da mahaifinki ne. Ki karanta masa shafin da bakinki, kalma bayan kalma, ki nuna masa hoton, ki ce masa wanda ka ambata a nan yana iya ganin wannan. Sannan ki tafi, ki dawo wata rana ki sake tambaya. Idan an ce lokaci ya ƙure, a bar shafin.

Aka buga littafi. Aka ƙaddamar da shi a ɗakin taron wani otal a Katsina, da lasifika da lemun kwalba. Tambarin ƙungiyoyin da suka taimaka ya cika bangon baya, sunana kuma yana gaba. Na sa babbar rigar da na yi auren mahaifiyarki da ita, na yi jawabi har na wuce lokacina. Ba a gayyaci Tanimu ba, ni ma ban tuna in ce a gayyace shi ba.

A cikin tsarinsu akwai rabon littafin Hausar kyauta ga makarantun Batsari da Safana. Yarinyar ta tambaye ni ko makarantun ƙauyuka suna aiki. Na san yawancinsu jemagu da awaki ne a ciki. Na ce mata ana lallaɓawa. Na faɗi haka ne don idan na ce a rufe suke za a rage yawan abin da za a buga, ni kuma ina son sunana ya yi yawa. Mota ta kawo kwalaye, aka sauke su a wani ɗakin ajiya, muka tsaya a gabansu aka ɗauki hoto. Bayan wata biyu wa'adin aikin ya ƙare, ƙungiyar ta koma wani abu. Kwalayen suka yi damina a wurin, rufi yana yoyo. Wanda ya fitar da su daga baya ban san shi ba, ban kuma ga laifinsa sosai ba, don babu yaran da zai ba.

A aikinku za ki ga ana murna ranar da aka sauke kaya, a ɗauki hoto, a rubuta rahoto. Littafi bai isa ba sai yana hannun mai karantawa. Ki riƙa tambaya wa zai buɗe kwalin, a wane aji, wace rana, kuma idan ba a buɗe ba ina zai ƙare. Kada ki gamsu da amsar ɗan gari don kawai ɗan gari ne. Mu ma muna da son zuciya, mun kuma iya faɗin abin da baƙo yake son ji.

Damina ta zagayo. Na je Tsaskiya ta'aziyyar kawun mahaifiyarki, a hanyar dawowa ɗan acaɓa ya sauke ni a tashar Safana da hantsi, ban karya ba. Na sayi ƙosai wurin wata mata. Ta yagi takarda ta ƙunshe mini. Na zauna a benci na buɗe, mai ya jiƙa takardar har ana ganin bayanta, sai ga fuskar Tanimu da hularsa tana kallona. Sunansa a ƙasa, da sunan garinsa, da maganarsa a gefe.

Na tambayi matar inda ta samu. Ta ce wurin mai takarda ranar kasuwa, buhu-buhu ya kawo, kowa ya saya, masu ƙosai da masu tsire da masu soyayyen kifi da 'yan gyaɗa. Ta ce takardar mai kyau ce, ba ta saurin yagewa. Ke ma kin san su wa ke aiko babura kasuwanninmu a saya musu abinci a kai musu daji. Na tsaya a kan cewa ba su iya boko ba, na manta hoto kowa yana gane shi, kuma ba a rasa mai karanta musu sauran, a cikinmu ma akwai masu yi musu wannan hidimar.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini nauyi. Daga Batsari zuwa Yasore ba wata tafiya ba ce a babur. Abin da ya kamata shi ne a ranar in je in ce, Tanimu, na cuce ka, kwashi iyalinka ka taho gidana. Ban je ba. Na kira yarinyar nan a waya, ta riga ta koma wani aiki a wani gari. Ta fashe da kuka, ta ce in ɗauke shi daga ƙauyen yau ɗin nan, za ta nemi wanda zai taimaka da wurin zama. Na ce ta kwantar da hankalinta, na san yadda zan yi. Yadda na yi shi ne na ɗauki buhu na riƙa bin masu ƙosai da masu tsire, a Batsari da Safana, ina saye takardunsu ina ƙonawa a bayan gida. Mahaifiyarki ta tambaye ni, na ce tsofaffin takardun makaranta ne. Kwana tara ina wannan. Ina gaya wa kaina hanyar Yasore ba ta da kyau, alhali kullum babura suna zuwa suna dawowa. Kunyar haɗa ido da shi ce ta hana ni, da tsoron a ce Malam ne ya jawo.

A rana ta goma, da hantsi, Tanimu yana maimai, noma na biyu, a gonarsa shi da Lawali. Mutum biyu suka zo a babur. Ba su taɓa Lawali ba, ba su ɗauki komai ba. A wurin zaman makoki Lawali ya ba da labari ina zaune kusa da shi. Ya ce ɗayan ya ciro wani abu a ninke daga aljihu, ya buɗe, ya duba, ya dubi baba, sannan ya ɗaga bindiga. Ya ce ya ɗauka laya ce. Mutane suka ce kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Ni ma na ce amin.

Na san ajali na Allah ne, na koyar da yara haka shekaru masu yawa. Amma na san kwana taran nan ni aka ba, na kashe su wajen wanke sunana. Za ki yi kuskure a aikin nan, babu wanda ba ya yi. Ranar da kika gane, kada ki fara tunanin shugabanki, ko rahoto, ko abin da za a ce. Ki fara zuwa wurin wanda kuskuren zai faɗa a kansa, a ranar, ko da za ki je kina kuka.

Bayan arba'in Hajo ta dawo Batsari, ta zauna a wani kango wurin ƙanenta. Wata rana ta yi sallama a gidanmu da ƙwaryar ƙwan zabi. Wata maƙwabciyarta ce ta tsinci shafin a ƙunshin gyaɗa ta kai mata, ta sa shi a leda ta manna a bangon ɗakinta. Ta durƙusa ta ce, "Malam, na zo godiya. Ba don kai ba da ko hotonshi ba mu da shi, jikokinshi su gani." Ba ta iya karatu ba, mai ya kuma cinye rubutun. Na karɓi ƙwan na sa mata albarka. Mahaifiyarki ta soya, kina hutun makaranta a lokacin, ke kika kawo mini nawa a zaure. Har yau duk ranar kasuwa sai Hajo ta tsaya ta gaishe ni.

Yanzu ga inda muke. An yi sulhun da aka yi, mai ɗorewa ne ko ba mai ɗorewa ba Allah ne masani. Mutumin da Tanimu ya gane ya zama babba a cikinsu, yana shigowa kasuwa da rana ba ya ɓoye fuska. Ba zan rubuta sunansa ko na ubansa a nan ba. Lawali ya koma Yasore da iyalinsa, ya gyara gidan, ya shuka gonar. Suna wuce juna a hanya. Takardun nan mai da wuta sun cinye su, maganar ta kwanta. Idan aka karanta shafin nan a rediyo, babu ruga ko gona da ba za a ji ba, waya kuwa ta fi yawa a daji. Wancan zai ji an sake tono shi a gaban duniya, ya tuna Tanimu ya bar ɗa. Lawali kuma zai ji sunan da bai taɓa ji ba, ya gane abin da aka ciro daga aljihu, kuma na san zafin zuciyarsa, ni na koyar da shi tun aji ɗaya. Ko ta wace hanya aka bi, gawa nake gani.

Ki ce wa shugabanninki marubucin bai yarda ba. Idan suka matsa, ki gaya musu akwai ran mutum a ciki, ba sai kin kira suna ba. Mai yiwuwa su ga kin fara aiki da kwan-gaba kwan-baya, ki jure. Kwafin littafin guda ɗayan da kika ɗauka a kan kantata ranar Asabar, kina tsammanin ban gani ba, ki sa reza ki yanke shafuka huɗun da suka fara daga hoton, ki ƙone su da hannunki. Ki bincika ko akwai wani kwafi a wurinsu ko a na'urar wata maɗaba'a, ki gaya mini.

Ban rubuto don in sa ki tsani aikinki ba. Aiki ne mai kyau. Yaranmu sun yi shekaru ba su riƙe littafi ba, masu maɗaba'a suna rufewa, marubuta suna mutuwa da rubutunsu a akwati, ba don irin ƙungiyarku ba da ban san inda za a dosa ba. Malam Abdu ya rasu bara, ban je na ce masa ya yi gaskiya ba. Littattafan noman nan gara ta ci biyu, saura biyar, jan bironsa yana nan a jiki. Idan Allah ya kai mu bayan girbi zan mayar da su wurin mutanen benci in bi layi. Sunan Tanimu zai hau shafin farko da manyan baƙi yadda ya roƙa, amma sai na je Yasore na karanta wa Lawali shi daga farko har ƙarshe tukuna. Ko zan iya buɗe baki in gaya wa Hajo sauran, ban sani ba. Ina roƙon Allah a kan haka kullum, har yanzu ban samu ƙarfin ba.

Kin ga har na kai ƙarshen takarda ban rubuta sunanki ba. Shekara ashirin da shida ina kiyaye shi daga bakina don kunya, alhali babu abin da zai same ki idan na kira shi. Sunan aminina kuwa, wanda ransa ke rataye da a yi shiru, na buga shi da hoto na baza a kasuwa. Idan kin raina ni bayan wannan, ban ga laifinki ba, amma ki fara cire littafin.

Idan kin yi, ki kira ni ki ce, "Baba, na cire." Ba sai kin ƙara komai ba, ni ma ba zan ƙara ba. Geron Lawali ya kai gwiwa, ruwa yana sauka yadda ake so. Har sai na ji muryarki, ina nan zaune a zaure, kuma duk babur ɗin da ya taho daga wajen Yasore da gudu sai na miƙe tsaye.

Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya raba ki da sharrin mutum da na zuciya, ya sa kada wani ya cutu ta hannunki. Allah ya jiƙan Tanimu, ya tsare abin da ya bari, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa kiran mahaifiyarki, ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai saboda tafiyarki. Ƙannenki suna gaishe ki. Ki gaida mutanen gidan da kika sauka da kyau.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinki,
daga Batsari.